Kamfas Ɗina da Rijiyar Gwaggo

Mijin 'yata ta uku ya zo gaishe ni da sallar nan da ta wuce. Bakano ne, amma ban taɓa riƙe shi da wannan ba. Ya durƙusa kamar mutumin kirki, ga wani abu ruwan ɗorawa yana reto a wuyansa. Na ɗauka laya ce irin ta 'yan boko, na ce masa Allah shi sa ta yi magani. Ya ce a'a Baba, wannan jifiyas ne. Wai na'ura ce mai magana da taurarin da Turawa suka rataye a sama, ta gaya maka inda kake tsaye. Na ce to, ni dai ban taɓa tashi da safe na rasa inda nake tsaye ba, amma ci gaba.

Ya ci gaba. Wai akwai wani wasa da suke yi shi da abokansa, manya da gemu, wasu har da digiri biyu. Ɗaya ya ɓoye gwangwani a gindin dutse ko kogon itace, ya rubuta lambobin wurin, saura su bazama nema. Wanda ya samu ya buɗe, ya sa hannu a 'yar takarda, ya mayar. Na ce me ke cikin gwangwanin? Ya ce takardar ce kawai. Na dubi 'yata, ta dubi ƙasa. Ni na ba da ita da hannuna, ba ni da inda zan kai ƙara.

Damuwarsa ita ce abokan na yi masa dariya. Sun ce wayar hannu ma tana wannan aikin, ga kira, ga hoto, ga waƙa, don me zai rataya abin da aiki ɗaya kawai ya iya? Shi kuma ya ce waya batirinta na mutuwa a daji, rana na hana ka ganin fuskarta, kana tsakiyar nema wani ya kira ka yana tambayar ina ka ajiye makullin ofis. "Baba, kai me ka gani?"

Ya tambayi wanda ya dace. Wannan shari'a na yanke ta tun uwarsa ba ta san za a yi shi ba.

Ni mutum ne mai ilimi, gara in faɗa tun yanzu. Aji uku na yi a elementare kafin malaminmu da mahaifina su haɗu su amince cewa na ƙoshi. Na fito ina rubuta lamba har dubu, ina kuma karanta allon da ya ce ba shiga. Da wannan ilimi na sami aiki a ofishin safiyo, masu awon filaye, ina jan sarƙar awo a bayan wani tsohon safiyo mutumin Ilori, wanda muke kira Oga. Ni ne mai riƙe ƙarshen sarƙa, ni ne mai shiga ƙaya, ni ne wanda kare ke fara gani.

Oga yana da halaye biyu. Na farko, duk inda za a kafa turken siminti na iyaka, sai ya sa an ƙara zurfin ramin an kifa kwalba a ƙasa, an rufe, sannan a dasa turken a kanta. Ya ce mutanenmu suna tsananin son turken gwamnati, gobe za ka tarar da shi ya zama dutsen murhu, amma ba wanda ke tona ƙasa don kwalbar banza. Daga nan ya tsaya a gindin wani babban itace, ya duba kamfas, ya faɗi lamba, a ja sarƙa a faɗi tsawo. In turke ya ɓace, lamba da tsawo su kai ka kan kwalba.

Hali na biyu, kafin ya buɗe kamfas sai ya cire agogo, ya cire makullai, ya miƙa wa ɗayanmu, ya kore mu da addunanmu da sarƙarmu can nesa. Ba ya cewa don me, mu kuma ba ma tambaya. Ni na gama fassara abin a raina tun ranar farko: tsafi ne na mutanen Ilori. Har tausayinsa nake ji, dattijo mai salla.

A wannan zamanin kuɗin mai suka faɗo wa ƙasa kamar an fasa rumbu. Soja ke mulki. In ka ji an katse shiri an sa kiɗan badujala, sai ka ajiye loma ka saurara ko an yi sabon maigida. Amma kasuwa cike take. A Ƙofar Kware, unguwarmu, akwai wanda ya sayi firji alhali ba a kai wuta layinsu ba, matarsa ta jera zannuwa a ciki. Aka yi wa ma'aikata ƙari, har mu masu jan sarƙa aka tuna da mu. Maiɗakina ta tsaya a bakin zaure ranar da zan karɓa, ta ce, "Kak ka dawo gidan ga ba rediyo. Na gaji da jin labarin duniya ta katangar maƙwabta."

Na tafi Sabon Gari tare da ɗan gwaggona, taubashina, mai sayar da yadi a kasuwa. Tun muna yara aikinsa a duniya shi ne ya ga na kunyata, ni ma ban rage masa komai ba. Muka shiga shagon wani ɗan Kudu da ya fi mu iya ciniki da Hausa. Ya sauko mana da wani rediyo kamar akwatin amarya. Yana kama tasha, yana cin kaset, yana da agogo, yana da tocila a gefe, lasifika biyu kamar idon bijimi. A kan mariƙinsa kuma ga ɗan kamfas kamar ƙwayar goro. Mai shago ya ce, "Wannan komai da komai ne. Har alƙibla zai nuna maka."

Ina shirin miƙa hannu, sai idona ya faɗa kan wani abu a kwandon tarkace, tsakanin tsofaffin tabarau da kan fitila. Kamfas ne na tagulla, mai murfi, irin na Oga sak, da 'yar jakarsa ta fata da ta sha hannu. Na buɗe. Allurar ta yi rawa kaɗan, ta yi tunani, ta tsaya cak. Na juya, ta ƙi juyawa. Wallahi a duk rayuwata ban taɓa ganin abin da ya san ra'ayinsa kamar allurar nan ba. Aljihuna kuwa ɗaya kawai zai iya ɗauka.

Taubashina ya ce, "Kai, ɗan kawu, mi kaka kallo? Wanga shina waƙa?"

Na ce ba ya waƙa.

"Shina hwaɗin lokaci?"

Na ce a'a.

"To mi shika yi?"

Na ce yana nuna arewa.

"Arewa ɓata ta yi? Mu da muke zaune cikinta?"

Shi ya ɗauki rediyo, ni na ɗauki kamfas. Abin da ya faru da na isa gida ba zan rubuta shi duka ba, don jikokina na iya karantawa. Na dai buɗe murfin a gaban maiɗakina, na ce ga arewa. Ta leƙa ciki. Sannan ta ce to, in na ji yunwa in bi ta. Sati guda miyata ba ta ga nama ba, ko da yake ina jin ƙamshinsa yana wucewa zuwa wani wuri.

A majalisarmu ta bakin Ƙofar Rini aka sa mini suna Mai Allura. In na iso sai a tashi tsaye, a ce a ba shi wuri, ya zo mana da arewa. Don in wanke kaina na ƙirƙiro wasa, kuma ina so mijin 'yata ya sani ni na riga Turawansa. Ran Juma'a bayan la'asar sai in sa goro biyar a gwangwanin madara, in binne a bayan ganuwa, in rubuta lamba da taku daga wata kuka, in ce wanda ya tono nasa ne. Nawa ya fi nasu, ko ba komai akwai abin taunawa a ciki.

Taubashina ya ce shi da komai-da-komai ɗinsa zai tono. Ya saɓa rediyo, kaset na ci, ya duba ɗan kamfas na kan mariƙi, ya kama hanya, jama'a na biye. Allurarsa kuwa duk inda ya juya lasifikar dama take nunawa. Ya bi ta da gaskiya da amana har ta kai shi tsakiyar ramukan majema, inda wari ke iya cire wa mutum hula. Na ba wani tela nawa kamfas ɗin, na nuna masa yadda ake yi, kafin a kira magariba yana tauna goro. Na yi shela a majalisa cewa kamfas ɗin rediyo jabu ne, kayan kanti. Na ji daɗi ƙwarai. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa lasifika take nunawa ba. Mai ilimi ba ya yawan tambaya.

Yanzu ga inda wasa ya ƙare.

Gwaggona, uwar taubashin nan, yayar mahaifina ce, mijinta ya rasu ya bar mata garka a hanyar Kware, da rijiya a kusurwarta ta arewa. Rijiyar ba ta ƙafewa ko a tsakiyar bazara. Da ita take ban ruwan albasa da tattasai da 'yan itatuwan lemo, da ita take ci, ba ta taɓa miƙa wa ɗa ko ɗan ƙane hannu ba, kuma tana son a san haka. Mijin, da yake mutum ne mai hangen nesa, ya sa an auna garkar tun yana da rai. Oga ya yi awon, ni na ja sarƙa. Da yake gonar gida ce, na kwafi lambobin a ɗan littafina na aji uku, wanda saura shafuka da yawa a cikinsa.

Sai gari ya fara tafiya wajen. Wani Alhaji ɗan kwangila ya sayi gonar da ke maƙwabtaka da ita zai buga bulo. Bulo kuwa ruwa yake sha kamar raƙumi. Alhaji ya dubi rijiya, ya dubi takardarsa, ya ga ashe tun fil azal rijiyar a cikin gonarsa take. Ya aiko a gaya wa tsohuwa ta kwashe gugarta, za a ja katanga.

Aka je gaban mai unguwa. Mai unguwa ya ce ai abin mai sauƙi ne, a nuna turken safiyo. Aka je kusurwa, babu turke. Alhaji ya ce kun gani. Ni kuwa na san inda turken yake, don na sha zama a kansa. Yana tsakar gidan Gwaggo, an ɗaure akuya a jikinsa.

Na same ta a gida na ce, "Gwaggo, don Allah mi ya kai ki?"

Ta ce, "Yo shina can cikin rana ba ya aikin komi. Akuyar ga kuwa ta cinye man turke ukku na icce."

"Na gwamnati na hwa!"

"Gwamnati ta zo ta ɗauka in tana da akuya."

Ta faɗi haka da ƙarfi, amma da na tashi tafiya ta riƙe bakin rigata. Ta ce da hannunsa mijinta ya haƙa rijiyar nan, shi da ƙanensa, shekarar da ta haifi ɗanta na fari wanda bai rayu ba. Ta ce in aka raba ta da ita sai dai ta koma ɗakin ɗanta ta zauna tana jiran a ɗebo mata tuwo. Ban taɓa jin muryar Gwaggo ta yi ƙasa haka ba. Na ce mata akwai kwalba.

Mai unguwa ya sa ranar Asabar da hantsi. Ya ce in an tono kwalbar, iyaka ta tabbata. In azahar ta yi ba a gani ba, Alhaji ya ja katangarsa inda takardarsa ta ce. Oga ya riga ya yi ritaya ya koma garinsu, kayan ofis kuma ba a fita da su don rigimar dangi. Saura ni, da littafin aji uku, da abin da ya hana ni cin nama sati guda.

Ran Asabar na sa rigar kaki, na soke fensir a kunne. Na tarar da garka ta cika. 'Yan majalisa sun zo kallon Mai Allura. Alhaji ya zo da farar mota, ya kuma zo da wani kofur ɗan hayar gidansa, da kaki da bindiga a kafaɗa. Ba wanda ya ce ga aikin kofur a maganar rijiya. A wancan lokacin ba a tambayar soja me ya kawo shi, shi ke tambayarka me ya kawo ka garinku. Taubashina kuma ya zo da rediyonsa a kafaɗa, wai don a ji labarai, ya tsaya a jikina kamar an ɗinke mu, don yau uwarsa ake yi wa aiki, yana so ya ga komai.

Na tsaya a gindin tsamiyar da Oga ya tsaya. Littafi ya ce lamba sittin da biyu, ƙafa ɗari da arba'in. Na buɗe murfi da bisimilla. Kofur ya matso ta hagu yana leƙe, taubashi ta dama, rediyo na zuba kiɗan kalangu a kunnena. Na saita lamba, na nuna da hannu, aka ja igiyar awo, na ce a tona nan.

Ni da taubashi muka tona. Ƙasa, ƙasa, tsohon takalmi, ƙasa. Babu kwalba. Abin da ya fi muni, ramin ya faɗo kudu da rijiya sosai. Wato in nan ne iyaka, na tabbatar wa Alhaji rijiya da hannuna.

Alhaji ya ce, "Madalla da ɗan boko. Mai unguwa, ka gani ko? Nasu na ya auna."

Na ce ba a gama ba, awon farko na gaisuwa ne. Na koma tsamiya. Wannan karon taubashi ya sauya kafaɗa. Allura ta ba ni wata hanya daban, muka je muka tona a tsakiyar albasar Gwaggo. Babu. Na uku ya kai mu kusa da tayar motar Alhaji. Rana ta take, gumi ya jiƙa kakin, fensir ya zame daga kunnena ya faɗa rami. Wani daga majalisa ya ce a bar shi ya ci gaba, kafin azahar zai haƙa wa tsohuwa sabuwar rijiya. Aka yi dariya. Taubashina bai yi ba, karo na farko a rayuwarsa. Mai unguwa ya fara duban inuwa.

Na koma tsamiya karo na huɗu. A raina ina cewa ashe maiɗakina ta yi gaskiya, na sayi tarkace. Gwaggo, wadda tun safe take zaune a bakin rijiya, ta taso ta raɓo, ta sa kai tana kallon allurar kamar mai duba tsaba a faifai. Ɗanta ya gyara tsayuwa. Ta ɗago ta dube shi. Ta ce ya koma hagu. Ya koma. Ta ce ya dawo dama. Ya dawo.

Ta ce, "Kai, ɗan ƙanena. Allurar ga taka 'yar duniya ta. Waƙa taka bi."

Na ce, "Gwaggo, wanga aikin ilimi na, ki koma inuwa."

"Ilimin gidanku. Diba! In ya yi nan ta bi shi, in ya yi can ta bi shi. Awa budurwa da makaɗi."

Na duba. Taubashi ya matsa, allura ta karkata. Ya ja baya, ta dawo. Nan take na ga ramukan majema, na ga lasifikar dama, na ga Oga yana cire agogo yana korar mu da adduna. Shekara da shekaru ina tausayin dattijo a kan tsafi, ashe ƙarfe yake gudu. A cikin lasifika akwai maganaɗisu, kowane mai gyaran rediyo ya san haka, ni ma na sani, sanin ne kawai bai taɓa haɗuwa da ɗan'uwansa a kaina ba.

Na daka wa taubashi tsawa ya kai komai-da-komai ɗinsa bayan gari. Ya ruga har da tuntuɓe. Na kori masu fartanya, na kori mai keke, na cire makullin ɗakina na jefar. Na duba allura. Ta gyaru, amma da saura, tana ɗan jingina hagu. Na dubi hagu. Kofur ne, da bindigarsa, numfashinsa a wuyana.

Ina so mai karatu ya gane zamanin. A kan layin mai na ga soja ya sa mai rawani tsallen kwaɗo. Ni kuwa leburan safiyo ne mai 'ya'ya ƙanana. Na dubi Gwaggo, na dubi inuwar tsamiya da ta kusa komawa gindinta. Na cire hula.

Na ce, "Ranka shi daɗe, allura na jin nauyin bindigarka."

Kofur ya ce, "Me ka ce?"

"Girmanka ya yi mata yawa, ranka shi daɗe. In kana kusa ba ta iya kallon arewa, kai taka kallo. Ko za ka ɗan ja baya taku ashirin?"

Ya dube ni har na fara tuna waɗanda ban nemi gafararsu ba. Sannan ya sauke bindigar daga kafaɗa, ya kawo bakinta kusa da kamfas, kusa da cikina kuma. Allura ta juyo ta gaishe ta. Ya janye, ta koma. Ya sake, ta sake. Sai na ga haƙoransa. Ya ce, "Kai! Har ƙarfe ya san soja." Ya juya ya yi taku ashirin irin na fareti, yana ƙirgawa, ya ƙame. Daga can ya hango agogon Alhaji da zobbansa, ya ce, "Alhaji, kai ma baya!" Alhaji ya buɗe baki, ya tuna shi ya kawo shi, ya rufe, ya ja baya.

Na tsaya ni kaɗai a gindin tsamiya, kamar Oga. Allura ta yi rawarta, ta yi tunani, ta tsaya. Sittin da biyu. Aka ja igiya, ta wuce rijiya ta arewa da kamar taku huɗu. Na karɓi fartanya da kaina. Ban kai gwiwa ba na ji ƙaras. Na ajiye fartanya na sa hannu. Gindin kwalba ne, kore, a kife, yadda na kifa ta da hannuna. Ladan ya kira azahar ina share mata ƙasa.

Mai unguwa ya leƙa, ya ce rijiya ta tsohuwa ce. Gwaggo ba ta yi guɗa ba. Ta je ta zura guga, ta ɗebo, ta sha, ta wanke fuska, ta miƙo mini sauran.

Da an tsaya nan da na fita da girma. Amma Alhaji ya ce tunda allura ta iya gaskiya, a duba ɗaya kusurwar ma. Mai unguwa ya ce haka ne. Bayan salla na koma tsamiya, na karanta lamba ta biyu, aka ja igiya, aka tono kwalba ta biyu ba wahala. Da aka miƙe igiya tsakanin kwalaben, sai ga itatuwan lemon Gwaggo guda biyu a cikin gonar Alhaji. Ashe shekara da shekaru kunyar albasarta na ɗan tafiya gabas da kanta.

Gwaggo ta dubi igiya, ta dubi lemo. Ta matso kusa da ni, ta yi magana a hankali, irin hankalin tsofaffi da ake ji har bakin hanya.

"Ɗan ƙanena, sake aunawa. Kira man yaron ga shi kawo rediyonai."

Kofur ya yi dariya har ya dafa mota. Lemo ya tafi. Rijiya ta zauna. Bayan sati biyu Alhaji ya aiko da goro yana roƙon a bar leburorinsa su riƙa ɗibar ruwa. Gwaggo ta yarda, da sharaɗin sai ta gama ban ruwa, kuma lemon itatuwan nan biyu a riƙa kawo mata shi gida, tunda ita ta san ba su san kowa ba sai ita. Ta ci albasarta daga garkar nan har shekarar da ta rasu, ba ta zauna ɗakin kowa jiran tuwo ba. Turken kuwa ba ta mayar ba. Ta ce kwalba ta isa.

Duk wannan na ba mijin 'yata labari, yana durƙushe har ƙafarsa ta mutu. Na ce masa ya riƙe abinsa mai aiki ɗaya, abin da ya iya komai hankalinsa rabe yake, amma ya bincika tun wuri me nasa yake tsoro, don kowanne akwai abin da ke juya masa kai, kuma ya riƙa tafiya da tsohuwa in da hali. Na tashi na ɗauko kamfas ɗin daga ƙasan adaka, na buɗe masa. Ya kawo wayarsa kusa zai ɗauki hoto, allura ta karkata ta bi ta.

Maiɗakina, da ke sauraro daga ƙofar ɗaki, ta ce a tambaye ni wane ne daga baya ya je Sabon Gari da ƙafarsa ya sayo rediyo, ya kuma fi kowa kwana da shi a kunne. Na ce mata ana maganar ilimi.